Warin da Yaya Balki Ta So Ta Rufe da Turare

Shekara bakwai ke nan, a wannan watan, da maza suka fita da Yaya Balki daga gidanta na Zango a kan makara, mu mata muka bi su da ido har bakin ƙofa. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ni, ita ta yi mini kitson farko, ita kuma ta fi kowa yi mini faɗa a duniya. Duk shekara idan watan ya kama nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana kam ba zan iya shirun ba, domin abin da ya kashe ta ya bi 'yarta har ɗakin aure, na kuma gan shi da idona. Wallahi ina wannan rubutu ne hankalina bai gama kwanciya ba.

Duk wanda ya zauna Zangon Kwatano a shekarun nan ya san ta. In bai san fuskarta ba, ya san ƙamshinta. Turaren wuta take haɗawa. Fatake masu gangarowa da shanu daga arewa su ke kawo mata kajiji da farce da icen sandal, ita kuma ta jiƙa, ta soya, ta zuba a kwalabe, amare da masu jego su yi ta aike. Ni kuwa atamfa nake sayarwa a kasuwar Dantokpa, rumfata ba ta da nisa da bakin ruwa, duk yamma da ƙarnin kifi da hayaƙin baburan haya, zemijan, nake tashi. In na biya gidanta, ba ta amsa gaisuwata da kyau sai ta tura mini kasko ƙarƙashin zane. Takan ce ba ƙanwarta ce ta shigo ba, kasuwa ce ta yi ƙafa. In na yi fushi ta yi dariya, ta ƙara mini turare.

Ba girman kai ba ne, haka aka tashe mu. Gidajen Zango a matse suke, kwata a ƙofar kowa, damina ta zo ruwa ya kwanta a lungu har ya yi kore. Mace ba ta da iko da kwata, amma tana da iko da ɗakinta, kuma da ɗakin nan ake auna ta. Saboda haka in wari ya tashi a gida, ba ma tsayawa tambayar daga ina ya fito. Garwashi muke fara nema. Kakarmu haka ta yi, uwarmu haka ta yi, Yaya Balki kuwa ta fi su duka.

Mijinta, Alhaji Mamman, dillalin shanu ne, mutumin kirki. Shekarar da ɗauke wuta ya yi yawa, abin da muke kira delestaji, ya gaji da ganin matarsa tana fifita da faifai tana zufa, ya kawo masu haɗa sola. Suka hau kwano suka ɗora farantan shan rana da ake kira fano, suka sauko da waya, suka kawo manyan batira irin masu murfi da ake ƙara wa ruwa. Da aka zo neman inda za a ajiye su, kowa ya yarda ba inda ya fi ɗan ɗakin ajiyar da ke jikin falonta. Yana da kwaɗo, ɓarawo ba zai ɗauka ba. Daɓensa a sama yake, ruwan damina ba ya shiga. Taga ce kawai ba shi da ita, kuma a nan take jera kwalaben turarenta da na mai. Mai haɗa kayan ya tsaya a zaure ya yi wa Alhaji bayani da Faransanci, ita tana ciki tana dafa musu abinci. Faransancin Alhaji ya ishe shi ciniki da gaisawa da jandarma a hanya, daga nan kuma sai gyaɗa kai. Ban ce mutumin bai yi gargaɗi ba, ban kuma ce ya yi ba, don ba ni wurin. Abin da na sani shi ne maganar ba ta ƙetare labule ta iske matar da za ta yini da kayan ba.

Kayan suka yi aiki lafiya lau har an manta da su. Sai wata Alhamis, ranar da karatun matan unguwa ya faɗo gidanta. Alhaji yana can arewa wurin shanu, 'yarta Saude tana lekol, wato makarantar boko. Daga baya ne wata mai haya a gidan ta gaya mini cewa kwana da kwanaki tana ganin Yaya tana fito da kaya daga falo, tana wanke daɓe, tana leƙa bayan kujeru, kamar mai neman mushen ɓera. Ta tambaye ta lafiya, ta ce shara kawai take yi. Ni ma da muke waya kullum ba ta gaya mini ba. Ranar, bayan azahar, rana ta take sosai, baƙi sun kusa, ta hura garwashi ta zuba turarenta mafi tsada, ta shiga ɗakin ajiyar, ta jawo ƙofa don hayaƙin ya kama. Masu shaguna a bakin titi sun ji ƙarar.

Ina cikin auna wa wata mata yadi aka kira ni. Ban san yadda na hau zemijan ba, ban san wa na bar wa rumfa ba. Da na iso lungun, maza sun riga sun kashe wutar da bokitai, an tafi da ita asibiti, ga unguwa duk ta gauraye da ƙamshi, kwalaben sun fashe sun ƙone gaba ɗaya. Har yau in na shiga gidan biki na ji sandal ya yi yawa, sai in nemi ƙofa in fita.

Ta yi 'yan kwanaki a asibiti, da hankalinta. Ruwan batir ya ci fuskarta da hannuwanta, wuta ta ci sauran. Da ta samu bakin magana, na sunkuya ina tsammanin wasiyya za ta yi, ko ta tambayi Saude. Sai ta ce, «Ramatu, matan sun shigo falon?» Na ce ba su kai ga shigowa ba. Ta lumshe ido kamar an sauke mata kaya. Daga nan ta hana a bar kowa ya shigo dubiya, domin tana jin yadda ƙunar ke tashi, ba ta son wani ya ji. Haka ta cika, daga ni sai Alhaji a kanta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa wahalar nan ta zama kaffara.

Bayan sadakar arba'in, kowa ya ce ajali, ni ma na ce ajali, kuma har gobe na yarda da haka. Amma ni mace ce mai taurin kai, ban iya kwana da abin da ban san sunansa ba. Aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran batir a unguwar Tokpa-Hoho, Bayarabe ne, Baba ake ce masa, Hausarsa ta kasuwa ce amma ta isa. Na je na zauna masa a kan benci na ce ban zo gyara ba, ban zo saye ba, kalmomin Faransancin nan na masu sola nake so ya juya mini su koma Hausa. Ya ɗauka taɓin hankali gare ni. Da ya ga na koma washegari, na sake komawa, sai ya haƙura ya fara.

Fano, in ji shi, shi ke shan rana ya turo wuta ƙasa, batir ya ajiye ta. Ondilar, wanda mutanen Najeriya ke kira inbata, shi ke juya wutar batir ta koma irin wadda fanka da firji ke ci. Shi kowa ya sani, don shi ke da fuska, shi ke kuka in an ɗora masa kaya da yawa. Amma akwai wani ɗan akwati tsakanin fano da batir da ba wanda ke kallo, regilatar. Aikinsa ɗaya, in batir ya ƙoshi ya ce wa rana ya isa. Abin da ya fi ba ni tsoro a duk bayanin Baba shi ne, regilatar na iya lalacewa gida bai yi duhu ba. Fitila na ci, fanka na juyawa, kowa na murna, alhali can ciki ana ta ɗura wa batir wuta bayan ya cika. Wannan ɗurar ita ce sirsharji. Ruwan cikin batir ya yi zafi, ya fara ɓararraka, ya shiga fitar da iska. Masu Faransanci su ce degazaji. Baba ya daɗe yana neman Hausarta, sannan ya ce gyatsa ce, batir ya ci ya wuce misali yana gyatsa. Na yi dariya, dariyata ta farko tun rasuwar, sai kuma na ji kunyar kaina.

Iskar kuma iri biyu ce. Ɗaya ba ta da wari ko kaɗan, sama take tashi ta taru ƙarƙashin silin tana jiran tartsatsi. Ɗayar ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Baba ya ce mai warin nan ita ke yi wa mutum kirki, don ita ce ke cewa ka fita. In an ji ta, a buɗe ƙofa a bar ta a buɗe, kada a kunna komai, ko makunnin fitila kada a taɓa, a fita da yara, a kira mai gyara. Ya ce kuma mutane duhu suke tsoro, alhali tsakar rana ce lokacin abin, sa'ar da rana ke dukan fano batir kuma ya riga ya cika. Na tambaye shi, to in aka shiga da kasko fa? Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni, sannan ya tambaye ni ko ni 'yar'uwar matar nan ce ta Zango.

Da Yaya za ta leƙo yau, da farko murna za ta yi, na san halinta. Sola ta hau kusan kowane kwano a Zango. A Dantokpa ana sayar da fano kusa da masu bokiti, mai ɗinki na da tasa, mai ƙanƙara na da tasa, masallatan lungu ma da ita suke kiran salla. Za ta sa Alhaji ya sayo mata babban firji, ta yi ta raba wa maƙwabta ruwan sanyi. Amma da ta ji abin da ƙanwarta ta zama, da ta rufe fuska. Ni ce matar da ke shiga gidan suna, kafin ta yi barka ta fara ɗaga labule da leƙa ƙarƙashin gado. Matan unguwa sun laƙaba mini Tanti Degazaji. In na doso, sai ka ji ana raɗa a ɓoye kasko, jandarma ta zo. Ina jin su, ba na fasawa. A manyan gidajen unguwar Fidjrossè, inda nake kai wa wasu mata atamfa, na ga an ware wa batira ɗakinsu daban da tagogi. Mu a nan ɗaki ɗaya ne wurin kwana, wurin salla, wurin ajiya, shi ne kuma wurin da ake turarawa.

Sai kuma kalmomin suka fara tsere mini. Ban gama riƙe na da ba aka shigo da sababbi, a ce wannan batir jel ne, wancan litiyam ne, yana da ƙwaƙwalwa a cikinsa mai tsaronsa, ba ya gyatsa. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma mai shago zai faɗi kalmar da sauri, maigida ya gyaɗa kai, a kawo kaya gida, matar tana madafi, daidai yadda aka yi a zauren Alhaji Mamman. Wannan ne ke hana ni sakewa, ina jin kamar na koyi sunan maciji ɗaya ne kawai a unguwar da suke da yawa.

Saude, 'yar Yaya, a hannuna ta ƙarasa girma, don Alhaji bai daɗe a Kwatano ba bayan abin, ya koma garinsu. Uwarta ce sak, har yadda take murɗa hanci in ta shiga madafina. Ba ta taɓa yi mini maganar ranar nan ba, in na ɗauko sai ta tashi ta sami abin gogewa. Bara ta auri Mutari, direban babbar mota mai ɗauko shanu daga arewa, yaro mai ladabi, ban da abin cewa a kansa. Aka ba su ciki da falo a gidan uwarsa, Hajiya Larai, can ƙarshen Zango. Lokacin jere ba sola a ɗakin, na duba da kaina. Ashe daga baya ya sa, don matarsa mai ciki ta samu fanka, ita kuma Saude ta ɓoye mini saboda ta san abin da zan yi.

Bana Allah Ya sauke ta lafiya, ɗa namiji. Dangin miji suka ce tunda uwarta ba ta da rai, a gidansu za ta yi jego, ni kuma na amince. Washegarin haihuwa na je barka da hantsi. Ɗakin ya cika da mata da hayaƙi, an turare mai jego yadda ya kamata, ga kasko a ƙasa da jan garwashi, tazarar kamu ɗaya daga wani labule a kusurwa. Na ga waya ta sauko ta bango ta shige bayan labulen. Na ɗaga. Batira biyu ne baƙaƙe a kan katako, ondilar a samansu, taga ɗayar da ɗakin ke da ita kuma an toshe ta da zane don kada iska ta kama mai jego. Ban san sa'ar da na sunkuci kaskon nan da hannu ba tsumma ba, na ratsa matan na dire shi a tsakar gida. Sai bayan na dire na ji tafina na ƙuna.

Mai karatu, in kai ɗan wani wuri ne ba za ka gane girman abin da na yi ba. Turaren nan Hajiya Larai ce ta zuba shi da hannunta don karrama surukarta, ni kuma na fitar da shi a gaban danginta kamar na fitar da shara. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce dai ita ma ta haifi 'ya'ya ta yi musu jego ba wanda ya ƙone, kuma ta san rashin da na yi, amma gidanta ba gidan makoki ba ne. Aka kira Mutari. Ya durƙusa ya yi mini bayani cikin ladabi cewa waɗannan ba irin na da ba ne, rufaffu ne, ba a ƙara musu ruwa, mai shago ya rantse masa ba sa fitar da komai. Na ce Baba ya gaya mini rufaffen ma yana da 'yar kafar da ke buɗewa in an matsa masa, rashin shan ruwa daban, rashin gyatsa daban. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa babba don a wuce wurin. Saude kuwa tana kan gado da jariri, hawaye na zuba. Ta kamo bakin zanena ta ce, «Tanti, don Allah ki rufa mini asiri.»

Ban rufa ba. Na tafi wurin manyan danginmu na ce haihuwar fari a gida ake wankanta, uwar yarinya ta mutu amma ni ban mutu ba, a ba ni 'yata. Aka yi ta kai da kawo, daga ƙarshe bayan suna aka ba ni ita, ba don sun yarda da maganata ba, sai don al'ada tana bayana. Mutari ya yi alkawarin zai gina wa batiran keji a waje kafin ta dawo. Na san da gaske yake, amma damina ce, ruwa na shiga tsakar gidansu har idon sawu, ga ɓarayi, ga mota na jiransa. Ya kulle ɗakin ya tafi arewa.

Kwanakin jegon nan ban ji daɗinsu ba. Ina dafa mata ruwa, ina dama mata kunun kanwa, ina ƙoƙarin cusa mata kalmomin Baba, ita kuma tana kallon bango. In na ce regilatar, ta ce jariri na kuka. In na ce sirsharji, ta ce Tanti yaushe rabon da ki wanke labulen nan. Rannan na matsa mata, ta ce mini Mama kwananta ne ya ƙare, in daina tono mata ita, kuma na riga na sa ta zama abin nuni a gidan miji. Ina kallon ta tana gyara mini ɗaki, tana shinshina matasan kai, ina ganin Yaya Balki da ranta, kuma maimakon in ji sanyi sai tsoro ya kama ni. Kowace safiya in na ga rana ta fito tas, sai in tuna da ɗakin can a kulle, ba fanka, ba fitila, ba abin da ke shan wutar, fano na ta turawa.

Arba'in ta cika, Mutari bai dawo ba, motarsa ta lalace a hanya, keji kuma ba a gina ba. Na so in riƙe ta, manya suka ce kada in wuce gona da iri. Muka shirya gara muka raka ta, tsakanin azahar da la'asar, rana kamar za ta tsaga kai. Na yi niyyar ni zan fara shiga ɗakin. Amma a zaure kawun Mutari ya tsare ni da gaisuwa, dattijo ne, kuma ana neman a shirya, ba halin in wuce shi. Kafin in samu kaina matan sun yi ciki da Saude.

Da na shigo tsakar gida, cike yake da dangin miji da maƙwabta. Can gaba na hango Saude a bakin ƙofarta, jariri a goye, ta buɗe kwaɗo ta tura ƙofar. Na ga kanta ya ɗan ja baya, na ga hancin nan ya murɗe. Na san ta ji wani abu. Hajiya Larai tana gefenta, ita ma ta ji, ta ɗauka warin ɗakin da ya daɗe a rufe ne, kuma don kirki, don kada a ji a yi da surukarta, ta miƙa mata kaskon da aka riga aka hura. A hankali ta ce, «Karɓi, 'yata, ki turare shi kafin baƙi su shiga.»

Ni da bakina ya ishi Dantokpa, na buɗe shi ba abin da ya fito. Mata sun cika tsakanina da su, ba hanyar wucewa. Na ga hannun Saude ya tashi ya nufi kaskon, don tun tana yarinya haka hannunta ya saba. Ya tsaya a hanya. Ta dubi uwar mijinta, ta dubi matan da ke jira su shiga su ga ɗakin 'yar Balki mai turare. Sannan ta ja da baya, ta ɗaga murya yadda har na zaure sun ji.

«Hajiya, a fita da kaskon nan bakin titi. Ɗakina wari yake, warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa ya matsa, kada wanda ya taɓa makunni.»

Wata ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Hajiya Larai ta tsaya da kasko a hannu, fuskarta ta sauya, amma Allah Ya saka mata, ta juya ta fita da shi da kanta. Aka kwashe yara zuwa lungu, na aika zemijan ya ɗauko Baba. Sai da ya bar ɗakin ya sha iska sosai sannan ya shiga. Regilatar ya mutu, ba a san tun yaushe ba. Batir ɗaya ya kumbura har gefensa ya tsage, zafinsa bai bari a dafa shi da hannu ba. Baba bai yi dogon bayani ba, ya dubi jaririn a bayan uwarsa, ya yi ta girgiza kai.

Muna zaune a kan dakalin maƙwabta, ni da Saude, tana jijjiga jaririn da ya farka. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, «Tanti, wannan ne Mama ta ji?» Na ce shi ne. Ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana 'yar lekol.

Yanzu an fitar da batiran, Mutari ya gina kejin da hannunsa ranar da ya dawo. Tsorona bai tafi ba, don gidajen Zango da yawa, labulaye da yawa, ni kuma ni kaɗai ce da ciwon gwiwa. Ba kuma kyauta Saude ta sha ba. Kun san bakinmu. Har yau in ta shiga taro akwai masu taɓa juna, a ce ga matar Mutari, wadda ta yi shela a gaban surukai cewa ɗakinta na wari, kuma wai 'yar mai turare. Maganar na dawo mata, tana ci mata rai, wani lokaci ta zo gidana ta zauna idonta jajir.

Nakan zauna in auna abin da ya rage na Yaya Balki. Kwalabenta sun ƙone, haɗin turarenta ya tafi da ita don ba ta koya wa kowa duka ba, gidan ma wasu ne a ciki. Hancinta ne ya rage, da tsabtarta, suna jikin Saude, kuma hancin nan ne ya tsayar da ita a bakin ƙofa. Abu ɗaya ne yarinyar ta ajiye bai bi ta ba, wato kunyar a ce ɗakinta na wari, ban kuma san ko Yaya za ta yafe mata ajiye shi ba, don na san yadda ta riƙe shi har a gadon asibiti. Yaya ba wanda ya taɓa yi mata gorin wari, ko sau ɗaya, ta tafi da sunanta fes. 'Yarta kuwa ana yi mata, tana ji, tana share hawaye, tana shayar da ɗanta.